Na hau jan jirgin Italiya daga Paris zuwa Milan

Ƙanwata tana aure a Milan, ni kuma ina zaune a Paris, don haka na san wannan hanya kamar yunwar cikina. Shekara da shekaru, idan jirgin ƙasa mai gudu kake so da rana, TGV na SNCF, kamfanin jiragen ƙasa na Faransa, ne kawai. Tun 2010 Tarayyar Turai ta ba kamfanoni damar ɗaukar fasinja su tsallaka iyaka, amma mu fasinjojin wannan layi ba mu gani a ƙasa ba sai ranar 18 ga Disamba 2021, da Trenitalia, kamfanin jiragen ƙasa na Italiya, ta shigo Faransa da jirginta Frecciarossa, wato Jar Kibiya. Tikiti mafi araha a lokacin Yuro 29 ne.

Da ƙanwata ta haihu, shi na hau zuwa suna. Mun tashi daga tashar Gare de Lyon ta Paris da sassafe. Mafi ƙanƙantar aji na saya, amma kujerar tana da faɗi, ga wurin cajin waya, ga intanet. Abin da ya fi burge ni shi ne tun wajen sayen tikiti za ka zaɓi tarago: Silenzio na masu son shiru, ko Allegro na masu hira da masu yara. Na zaɓi na shiru, na yi barcina har Lyon, jirgi na sheƙa gudun da ya kai kilomita 300 a awa.

Daga Chambéry tafiya takan canza. Jirgi ya shiga duwatsun Alps yana bin tsohon layi a hankali, ya tsaya a Modane, ya ratsa ramin Fréjus da aka buɗe tun 1871. Wannan jinkiri na hanya ne, duk jirgin da ya biyo ta haka zai lallaɓa, kuma ni ban ƙosa ba, don idona bai bar taga ba. A wannan kwari ne dutse ya zaftare a Agustan 2023, layin ya zauna a rufe har ƙarshen Maris 2025. Bayan Torino jirgin ya sake buɗe wuta, muka sauka a Milano Centrale bayan kusan awa 7.

Yanzu kafin in sayi tikiti sai na duba farashin kamfanoni biyu, in ɗauki wanda ya dace da aljihuna da lokacina. Ga mai zuwa ganin dangi sau uku ko huɗu a shekara, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Sai dai a kula: tikitin wannan kamfani ba ya aiki a jirgin wancan, kuma mai araha yana saurin ƙarewa. A sayi tikiti da wuri, musamman gab da hutun bazara.

Ƙanwata da jaririn za su zo mana a watan gobe, in Allah ya yarda. Na riga na kama musu wuri a Allegro.