Na kai tallan zumata wani ofishi a Zoo Road

Shekara shida ina sayar da zuma a Kano, tallata ba ta wuce bakin kwastoma ba. Watan jiya ƙanena ya matsa mini lamba, na je wani ofishin samari masu haɗa talla a Zoo Road. Ba zan kama suna ba.

Tarba dai ba laifi, ga ruwan sanyi, ga farin allo a bango. Shugabansu ya ce ƙa'idar zaman ɗaya ce: kowa ya faɗi abin da ya zo bakinsa, ba a kushe shawarar kowa. Wai salon Alex Osborn ne, wani Ba'amurke ɗan harkar talla da ya rubuta shi a littafi a 1953. Kuma abin yana ci. Wata yarinya mai shiru-shiru ta ce a nuna zumar tana tsiyaya daga cokali kan gurasa mai zafi, ba kiɗa, ba surutu. Nan take na ji a raina an zo wurin.

Daga nan aka fara sakin layi. Wani ya ce a samo tsoho ya rantse cewa zumar ta raba shi da ciwon suga. Aka rubuta a allo. Wani ya ce a sa baƙauye ƙudan zuma na korarsa, a sha dariya. Shi ma aka rubuta, alhali a hannun mutanen ƙauyen nan nake saro kayan, da su nake cin abinci. Na ce, "Malam, mahaifiyata tana da ciwon suga, ko cokali ɗaya ba ta sha sai da lissafi." Shugaban ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, ai ba a zo matakin tacewa ba."

To, na yi shiru ina jiran matakin. Washegari suka turo mini rubutu uku ta WhatsApp, na tsohon nan ne a sama. Ashe rariyar ma babu ita. Osborn ɗin da suke ambato jinkirta hukunci ya ce a yi, bai ce a jefar da shi ba. Ban ji wanda ya ambaci NAFDAC ko ARCON mai tantance tallace-tallace ba. Ni ba hukuma ce ta fi damuna ba ma. Zuma galibinta suga ce, kuma na san akwai dattijon da zai ga bidiyon ya ajiye maganin asibiti ya rungumi kwalbata.

Na zaɓi shawarar yarinyar. Kwana huɗu suka kawo bidiyon daƙiƙa 30, hoto fes, har tururin gurasar ana gani, kuɗin kuma bai wuce abin da muka yi ciniki ba. Zan koma wurinsu kafin azumi, amma na gaya wa shugaban cewa wannan karon kusa da allon zan zauna, tsumman gogewa a hannuna.