Hague, Arusha ko Banjul: ina ɗalibin shari'a daga Katsina zai nufa don sanin makamar aiki?

'Yar yayata da ke aji huɗu a tsangayar shari'a ta Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ta same ni da jerin wurare uku a takarda. Ta ce, "Kawu, idan hutu ya zo ina so in je horon sanin makamar aiki a waje, wanne zan nema?" Na ce ta fara duba kalanda tukuna. Lokacin da Turawa ke ware wa wannan horo, Yuni zuwa Agusta, damina ce a wurinmu, kuma sau da yawa ana tsakiyar karatu ko jarrabawa. Wanda ya ga yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 ya san yadda zangon karatu ke gocewa. Gurbin da zai sa ka rasa jarrabawa ba naka ba ne, komai kyansa.

Hague, a ƙasar Holan, ita ce ke ɗaukar ido. Can Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya take, wadda ta fara aiki a 2002, har ɗan Najeriya Chile Eboe-Osuji ya shugabance ta daga 2018 zuwa 2021. Sunanta a takardar neman aiki yana da nauyi, babu musu. Sai dai horonta wata uku ne zuwa shida, ta fi son wanda ya gama digiri ko yake dab da gamawa, kuma galibi ba a biyan ko sisi, sai ɗan tallafin da kan fito jefi-jefi don 'yan ƙasashe masu tasowa. Kuɗin bizar Schengen kaɗai, wato bizar shiga Holan da wasu ƙasashen Turai, Yuro 90 ne, kuma ba a mayarwa idan an hana ka. Ga tikiti, ga inshorar lafiya, ga haya a garin da su kansu 'yan ƙasar ke kukan ƙarancin ɗaki. Duk da Yuro za ka biya, alhali da Naira Baba ke samu. Idan Hague ɗin ce lallai, kwas ɗin mako uku na Makarantar Dokokin Ƙasa da Ƙasa da ke Fadar Zaman Lafiya ya fi shiga cikin hutu, kuma suna ba da tallafin karatu. Amma aji ne, ba aiki ba.

Arusha ta Tanzaniya, mazaunin Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam, tsaka-tsaki ce: rayuwa ta fi sauƙi, amma akwai biza da jirgi mai tsada.

Ni dai Banjul, babban birnin Gambiya, na nuna mata. Gambiya tana cikin ECOWAS, don haka fasfo ɗinka da katin rigakafin cutar shawara sun isa ka shiga ka yi kwana 90 ba biza. Can Hukumar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam take, ga kuma ƙungiyoyin lauyoyi irin su IHRDA masu shigar da ƙorafi a gabanta. A ƙaramin ofis hannu kaɗan ne, ba za a bar ka kana ɗumama kujera ba; za a miƙo maka fayil a ce ka nemo hukunce-hukuncen baya ka rubuto ra'ayi. Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam ta 1981 da za ka riƙa aiki da ita kuwa doka ce a Najeriya, kana iya kafa hujja da ita gobe a babbar kotun Katsina. Ga masallaci a kowace unguwa, ga abinci ba sai ka yi ta tambayar halal ba, abin da ke kwantar wa iyaye hankali, musamman idan 'ya mace ce. Illarsa ɗaya, manyan zaman hukumar sun fi faɗowa wajen Mayu da Oktoba, mai zuwa da damina zai iya dawowa bai ga ko ɗaya ba.

Kada kuma a raina Abuja don ba a hau jirgi ba. Kotun ECOWAS da ke can ita ce a 2008 ta ba Hadijatou Mani nasara a kan gwamnatin Nijar saboda gaza kare ta daga bauta, shari'ar da ta taso daga yankin Birnin Ƙonni, nan maƙwabtanmu.

Kafin ka amsa kowace gayyata, tambayi abu uku a rubuce: wa zai duba aikina, me zan riƙa yi kullum, akwai alawus ko babu? Ofisoshin Majalisar Ɗinkin Duniya ba sa karɓar kuɗin neman gurbi, duk wanda ya turo maka lambar asusu ta WhatsApp ɗan damfara ne. Mai ɗan Faransanci kuma ya rubuta shi a sahun farko, domin duk kotunan nan da shi suke aiki tare da Ingilishi.

Ita dai ta soke Hague da biro, ta ce sai bayan Makarantar Lauyoyi. Yanzu fasfo take jira.