QuestBridge: Abin da na gani bayan 'yata ta samu gurbi ta hannunsu

Tun ranar da labari ya zagaya masallacinmu na Bronx, a birnin New York na Amurka, cewa babbar 'yata ta samu karatun shekara 4 ba tare da an nemi ko sisi daga hannunmu ba, wayata ba ta huta ba. Wasu suna tambayar nawa muka ba wanda ya yi mana hanya, wasu kuma daga Kano suke turo saƙon murya a taimaka a sa sunan ɗansu. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta abin da muka gani da idonmu, daɗinsa da wuyarsa, yanzu da ta gama shekarar farko hankalina ya kwanta.

Sunan shirin QuestBridge. Ƙungiya ce da ba ta neman riba, tana jihar Kalifoniya, kuma tushenta wani shirin bazara ne da aka fara a jami'ar Stanford a 1994. Idan zan kwatanta aikinsu da abin da muka sani, sai in ce mai dalilin aure ne. Mai dalili ba shi ke biyan sadaki ba, nasa ya san gidan nan ya san gidan can ya haɗa. Su ma haka: suna zaƙulo yara masu ƙoƙari daga gidajen da samunsu bai taka kara ya karya ba, su gabatar da su ga manyan makarantu sama da 50 da suke hulɗa da su, irin su Princeton da Yale da MIT da Columbia, da ƙananan kwalejoji masu tsada irin su Amherst da Williams da Bowdoin. Kuɗin kuwa daga aljihun makarantar yake fitowa. Wanda aka haɗa ta babban shirinsu, National College Match, makarantar za ta ɗauki kuɗin karatu da ɗaki da abinci da littattafai da na tafiya, babu kason iyaye, babu bashi. A irin waɗannan makarantu shekara guda ta haura dala 80,000. Ni ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu, maigidana yana tuƙin tasi. Abin da mu biyun muke samu a shekara bai kai wannan ba.

Bari in sallami 'yan'uwa na gida tukuna, don kada wani ya cuce su. Shirin na yaran da ke makarantar sakandare a cikin Amurka ne, ko wace ƙasa suka fito, sai kuma 'yan ƙasa da masu katin zama na dindindin ko da suna waje. Yaron da ke Kano ko Maraɗi ba shi da ɗaya daga cikin waɗannan ba zai iya shiga ba. Cika fom ɗin kyauta ne, duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya sa ɗanka, ɓarawo ne. Mai neman karatun Amurka daga Najeriya ya nufi ofishin EducationUSA a Abuja ko Legas.

Mu mun ji labarinsa a makare. Malamar da ke ba ɗalibai shawara ce ta kira yarinyar a farkon aji 12, wato shekarar ƙarshe ta sakandare, a Satumban 2024, ta ce makinta ya isa, samun gidanmu kuma ya dace da abin da suka fi dubawa, wato ƙasa da dala 65,000 a shekara ga gida mai mutum 4. Mu 6 ne a gida. Sauran lokacin bai cika mako 3 ba, domin a ƙarshen Satumba ake rufewa. Cikin wannan ɗan tsakanin sai da ta samo takardar shaida daga malamai 2, da rahoton makaranta, da sakamakonta tun daga aji 9, ta kuma rubuta maƙaloli a kan rayuwarta.

A nan ne muka fara cin karo, kuma a nan nake so iyaye su tsaya su saurare ni. Mu Hausawa an raine mu da rufin asiri. Ko tukunya ba ta hau wuta ba, ka fito da wankakkiyar riga ka ce alhamdulillahi. Shi kuwa wannan fom ɗin, rufin nan yake so ka ɗaga. Nawa uba ke samu, nawa uwa ke samu, mutum nawa ke ci a gidan, akwai ajiya a banki, akwai gida ko fili. Daren da ta ajiye kwamfutar a teburin kicin ta fara karanto tambayoyin, mahaifinta ya saurara har ta kai rabi, sannan ya ture kofin shayinsa gefe ya ce, "Wato sai mun tona asirin gidanmu kafin yarinya ta yi karatu? Mu ba mabarata ba ne." Ita kuwa ta sunkuyar da kai ta ce, "Abba, ba bara ba ce. Makina ne ya sa suka ce in nema. Wannan ɗin don su san abin da za su ɗauke maka ne." Bai ce komai ba ya tashi ya fita aiki. Da asuba da ya dawo, sai ya ɗora ambulan ɗin takardun harajin 2023 a kan teburin, ya wuce alwala.

Maƙalarta ma ta taɓa ni. Ta rubuta yadda tun tana shekara 9 take raka ni asibiti tana yi mini tafinta tsakanin Hausa da Turanci. Da farko na ji nauyi, na ce ta cire. Ta ce, "Umma, idan na cire wannan, me ya rage nawa?" Na bar ta. Yau ina ganin ita ce da gaskiya, domin fom ɗin QuestBridge yana ba yaro fili ya faɗi nauyin gida da yake ɗauka, renon ƙanne ne ko aikin bayan makaranta, kuma wannan yana cikin abin da na fi yaba musu. A wurinsu ba abin kunya ba ne, shaida ce.

A tsakiyar Oktoba aka sanar da ita ta kai zagayen ƙarshe. Ba a gama murna ba aiki ya ninka, saboda ranar 1 ga Nuwamba kowace makarantar da ta zaɓa tana son nata takardun su cika. Babba a cikinsu shi ne CSS Profile, fom ɗin kuɗi na College Board, wanda ya fi FAFSA na gwamnatin tarayya tone-tone nesa ba kusa ba. Ba mu biya kuɗin cika shi ba, don ana yafe wa gidan da samunsa bai wuce dala 100,000 ba. Shi ne ya tambayi dukiyar da ba ta gidan zama ba, mu kuma muna da ɗan fili a bayan gari a Kano. Wani abokin maigidana ya ce kada mu rubuta, wa zai tashi daga nan ya je ya auna? Shi kuwa Malam, maigidan nawa, ya ce tunda ya yarda zai buɗe, ba zai buɗe rabi ya rufe rabi ba. Muka kira ƙaninsa ya faɗa mana abin da fili ke yi a unguwar, muka juya nairar zuwa dala muka rubuta. Kuɗin da yake aika wa Hajiyarsa duk wata ba shi da gurbi na kansa a lissafin, sai muka yi bayaninsa a wurin da aka ware don ƙarin bayani. Kada ku bar wurin nan fayau. Bature ba zai san kana ciyar da gida biyu ba idan ba ka faɗa ba.

Abin da ya kusa kayar da mu, mutumin da ke cika mana haraji a unguwa ne. Kwafin da ya ba mu babu shafukan da ke nuna shiga da fitar kuɗin mai aikin kansa, wato Schedule C, wanda direban tasi ba ya rasa shi. Ba mu lura ba sai da muka zo ɗora takardun a intanet. Shi kuma ya yi tafiya, shagon a rufe. Kwana 6 muna bin waya kafin yaronsa ya buɗe ya buga mana. Wanda zai shiga wannan, ya ƙirga shafukan harajinsa tun watan Agusta.

Sai maganar jerin makarantu, wadda ita ce zuciyar abin. Ana ba yaro dama ya jera har 15, daga wadda ya fi so zuwa ƙasa. Makarantun su ma suna zaɓar waɗanda suke so. A ƙarshe za a haɗa shi da wadda ta fi kusa da saman jerinsa cikin waɗanda suka so shi, guda ɗaya tak, ba zai ma san abin da sauran suka yanke ba. Kuma a kusan dukkansu haɗin nan alkawari ne. An sa hannu, yaro da iyaye da malamar makaranta, cewa inda aka haɗa nan za a je. Don haka suna ba ya shiga jeri don ado.

Ita ta zo da 13. Mahaifinta ya ɗauki wayarsa ya buɗe taswira, kowace makaranta ya duba awa nawa ce a mota daga ƙofar gidanmu. Ni kuma ina tambayar akwai masallaci kusa, akwai ƙungiyar ɗalibai Musulmi, ana samun naman halal a ɗakin cin abinci, ɗakin kwana na mata zalla fa. Stanford da Pomona suka fita, don Kalifoniya sai jirgi. Ta yi kuka a kan Stanford, kukan da har yau idan na tuna ina jin sa a ƙirjina, kuma ba zan ce lallai mun yi daidai ba. Abin da na sani shi ne gara kukan Oktoba da a haɗa ta a Disamba mu ce ba za ta je ba. Jerin ya tsaya a 8.

Ban ɓoye ba, ni kaina zuciyata ta rabu biyu. Malam ya fi son ta shiga CUNY, jami'ar gwamnati ta birnin New York, ta riƙa kwana a gida, kuma hujjarsa mai ƙarfi ce: kuɗin karatu can dala 6,930 ne a shekara ga ɗan jiha, tallafin karatu na gwamnatin tarayya da ake kira Pell kaɗai yana kaiwa 7,395, ga kuma TAP, tallafin jihar New York. Yaran mutane da yawa sun bi nan sun zama abin alfahari. Abin da ya rinjaye ni shi ne ganin ta kullum sai ƙannenta sun yi barci, wajen sha biyun dare, sannan take samun teburin kicin ta buɗe littafi. Na so ta ɗanɗana karatu da ɗaki da shiru. Na kuma ga 'ya'yan maƙwabta da wasu makarantun kuɗi suka ba rabin tallafi, sauran rabin bashi mai ruwa. Wannan kam mun riga mun yanke ba za mu ɗora mata ba.

A farkon Disamba sakamako ya fito. Na dawo daga aiki ko mayafi ban cire ba, na tarar da ita zaune gaban kwamfuta ta kasa dannawa, ƙannenta sun kewaye ta. Ta ce, "Umma, zo ki tsaya kusa da ni." Ta danna. An haɗa ta da ta 4 a jerinta, wata ƙaramar kwaleji mai tafiyar awa 4 daga nan. Ta yi shiru na ɗan lokaci, na san tana haɗiye ukun farko ne, sannan ta faɗi ta yi sujada a kan ledar kicin. Da aka kira mahaifinta, sai da ya faka motar gefen titi.

A shekarar sama da yara 25,000 suka nema, 7,288 suka kai zagayen ƙarshe, 2,627 aka haɗa. Wato ko cikin waɗanda suka kai ƙarshen, kusan biyu cikin uku ba su samu a Disamba ba. Ƙawarta tana cikinsu, kuma uwarta ta ɗauka ƙofa ta rufe. Ba ta rufe ba. Wanda ya kai zagayen ƙarshe yana iya tura fom ɗinsa ga makarantun nan a zagaye na gama-gari ba tare da kuɗin nema ba, kuma ta nan ƙawar ta samu gurbi da tallafi mai kauri bayan 'yan watanni. A shirya wa yaro zuciyarsa tun kafin ranar.

Shin da gaske kyauta ne? Abin da suka yi alkawari sun cika, takardar biyan kuɗi ba ta taɓa zuwa gidanmu ba. Amma kowace makaranta da tsarinta, kuma a shafin QuestBridge an bayyana na kowacce, a karanta kafin a jera. A tata, ana sa ran ɗalibi ya yi ɗan aiki a cikin makaranta don kuɗin kashewa, tana yin 'yan awoyi a laburare duk mako. Inshorar lafiya ce ta zo mana ba zato, domin Medicaid ɗinmu na New York, wato inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, ba ya ɗaukar komai a wata jiha in ba gaggawa ba. Ta rubuta wa ofishin tallafi, suka ɗauke mata. Ba don ta tambaya ba, da mun yi ta juyayi a banza. Rigar sanyi mai kauri, bargo, zanin gado, tukunyar wuta da ta dage sai ta tafi da ita, waɗannan daga aljihunmu suka fita.

Abin da babu fom ɗin da ya tambaya shi ne kewa. Watanni biyun farko kusan kullum sai ta kira bayan isha'i, wani lokaci ba abin da za ta ce, ta ji hayaniyar gida kawai. Waɗanda suka riga ta shiga ta QuestBridge a makarantar suna da ƙungiyarsu, su suka ja ta a jiki, suka nuna mata inda ake samun littafi aro da malamin da ya kamata ta je ofishinsa. Azuminta na farko a can, su 'yan kaɗan ne ke buɗa baki tare a wani ɗaki da aka ba su, ta turo mini hoton ƙosan da ta soya musu.

Idan aka tambaye ni, zan ce duk mai yaro mai ƙoƙari a sakandaren Amurka ya nema, muddin iyaye sun yarda za su buɗe takardunsu gaba ɗaya kuma za su tsaya a kan jerin da suka sa wa hannu. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne rashin sanin cewa suna da wani shirin na 'yan aji 11, College Prep Scholars, wanda ake nema a farkon shekara, yana shirya yaro tun kafin guguwar Satumba. Ƙaninta yana aji 10 yanzu. Mahaifinsu da kansa ya sayo jakar takardu mai aljihu-aljihu, ya rubuta shekara a kan kowane aljihu, ya ɗora ta saman firji.