Hattara da mai tallan kariyar ɗaukar keke ta bayan mota

Salamu alaikum jama'a, don Allah masu hawa keken dutse ku ji abin da ya same ni kar wani ya sake faɗawa. Akwai wani gaye da ke tallan kariyar keke a Instagram, irin wadda ake zurawa a ramin ƙarfen jan tirela a bayan mota, wai ta kamfanin Thule ce gwanjo daga Turai kuma wai an yi ta ne musamman don hanyar daji. Hotuna tsaf-tsaf, magana kamar zuma, ranka ya daɗe ranka ya daɗe har na tura kuɗi, kuma tun a nan ya kamata in farga don sunan akawun ɗin daban da sunan da ya ba ni, ya ce wai na matarsa ne.

Kaya ya iso tasha, na buɗe na ga sitika ce kawai aka manna, fenti ko gama bushewa bai yi ba. Ramin motata inci 2 ne, ƙarfen da ya turo siriri ne sai aka cusa masa wani bututu don ya cike, kana taɓa shi yana lilo. Babu rubutun nauyin da take ɗauka, babu lambar kaya, babu takarda. Na kira shi ya ce haka suke zuwa alhaji. Ni kuma tafiya ta matso, na ɗaure kekuna biyu muka kama hanyar Gashaka.

Daga Jalingo zuwa Bali har Serti dai ta yi ta ƙara amma ta riƙe, muna sauka kan hanyar ƙasa ko awa ɗaya ba mu yi ba waldar ta ɓalle, keken abokina ya ja ƙasa, rim ya lanƙwashe giya ta tafi. Allah ya kiyaye babu mai mashin a bayanmu.

Mai waldar da ya duba ta dariya ya yi, ya ce ƙarfen gadon makaranta ya fi wannan kauri. Kuma gaskiyarsa, keke ɗaya wajen kilo 14 ne, mai batir ya kan haura 20, nauyin kuma a can baya yake rataye, duk ramin da ka faɗa sai ya fizgi waldar da ƙarfin da ya ninka haka. Shi ya sa ko ta ainihi ba kowacce ce kamfani ke yarda a shiga gargada da ita ba, suna rubutawa a littafinta, wasu ma sukan rage nauyin da za a ɗora in an bar kwalta.

In za ka saya ka ce mai sayarwa ya yi maka bidiyon lambar kayan ka duba ta a shafin kamfanin, ka auna ramin motarka, ka tabbata akwai notin da ke matse ta kar ta yi lilo, kuma kar ka biya sai ka taɓa da hannunka.

Ni dai gayen ya yi bulokin ɗina, jiya kuma na ga hotunan nan dai a wani shafi da sabon suna, har da rangwame.