Paleobiology Database: abin da rumbun yake bai wa mai binciken tsohon tekun Adar, da abin da ba ya bayarwa

Ɗalibin ilimin duwatsu a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, in aka ba shi aiki kan farar ƙasar Malbaza ko tsaunukan Keita da Bouza, tambayarsa ta farko ba ta wuce guda ba: wa ya riga ni rubutu a kan wannan wuri, kuma me ya samu? Paleobiology Database, da ake taƙaitawa PBDB, rumbu ne a intanet na bayanan burbushin tsofaffin halittu da ake tonowa daga duwatsu, kuma an gina shi ne domin irin wannan tambaya. Kyauta ne, ba a buƙatar rajista kafin a duba ko a sauke bayanai. A ganinmu babu kayan aikin da ya kai shi saurin kai mutum ga tsofaffin takardu. Amma duk wanda ya ɗauki ɗigon da ke kan taswirarsa a matsayin ƙidayar abin da ke cikin ƙasar Tawa, zai rubuta kuskure da hannunsa.

An kafa rumbun a 1998 ƙarƙashin John Alroy da Charles Marshall, kuma da dabbobin teku ya fara. Kafin shi, Jack Sepkoski ya kwashe shekaru yana tattara sunayen dangogin dabbobin teku daga ɗakunan karatu, kuma daga wannan tarin ne shi da David Raup suka nuna a 1982 manyan lokutan da halittu suka ƙare a doron ƙasa. Tarin Sepkoski yana faɗin lokacin da iri ya bayyana da lokacin da ya ɓace. PBDB ya ƙara wurin da aka tono, da shimfiɗar dutsen, da takardar da ta ba da labari. Wannan ƙarin shi ne duk amfaninsa gare mu.

Ƙofa biyu gare shi. Ta farko Navigator, taswirar duniya mai ɗigo-ɗigo, da jerin zamunna a ƙasanta. Ka latsa Cretaceous, zamanin da ya ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce, ka matso Nijar, ɗigon su rarrabu, kowane ɗaya wurin tono ne. Akwai maɓallin da ke mayar da nahiyoyi yadda suke a wancan zamani. Taswirar tana da daɗin nuna wa aji, sai dai tana cin mega, kuma in rezo ya yi rauni takan tsaya rabi. A waya ma wahala ce. Mai aikin gaske ya bi ƙofa ta biyu, shafin saukewa, ko ma ya rubuta adireshin kai tsaye:

paleobiodb.org/data1.2/occs/list.csv?cc=NE&show=coords,loc,strat,ref

Wannan layi yana sauko da abin da aka shigar daga Nijar cikin ƙaramin fayil, wanda za a zuba a kile a yi aiki da shi ko babu intanet. A kula: NE ita ce Nijar, NG Najeriya. In mozazor kaɗai ake so, waɗannan manyan ƙadangarun teku na ƙarshen Cretaceous, sai a ƙara &base_name=Mosasauridae.

Tace bayanai da sunan ƙasa shi ne kuskuren da ya fi yawa. Tekun da ya ratsa Sahara a ƙarshen Cretaceous da Paleocene, zamanin da ya biyo bayansa, bai san Birnin Konni da Illela ba. Kwarin Iullemmeden ya shafi Nijar da Mali da Najeriya da Aljeriya da Benin, kuma farar ƙasar da ake yin siminti da ita a Malbaza ƴar'uwar ta Kalambaina ce a Sakkwato. Goronyosaurus, wani mozazor wanda masu binciken Italiya suka raɗa wa suna a 1972, daga yankin Goronyo ya samo sunansa. Wanda ya tsaya a kan NE zai rasa rabin makwabtansa. Gara a zana akwati: lngmin=4, lngmax=7.5, latmin=12.5, latmax=17. Wannan ya haɗa Sakkwato da Goronyo da Malbaza da Tamaske da arewacin Tawa wuri guda.

Akwai wani dalili na tarihi da ya sa akwatin ya fi. A 1903 Albert de Lapparent ya sanar da majalisar kimiyya ta Paris cewa an ga alamun tsohon teku a ƙasar da Faransawa ke kira Soudan, bisa burbushin da kyaftin Gaden ya kwaso daga Tamaske. A 1904 Bather na Landan ya bayyana bushiyoyin teku da sunan Sakkwato. A lokacin iyakar mulkin Ingila da na Faransa a wannan yanki da'ira ce mai nisan mil 100 daga Sakkwato, bisa yarjejeniyar 1898, kafin a gyara ta a 1904 da 1906. Ke nan wurin da tsohuwar takarda ta kira Sakkwato yana iya zama cikin Nijar yau, kuma Soudan ɗin Lapparent ba ƙasar Khartum ba ce. Mai shigar da bayani da ke zaune a wata nahiya yana iya ruɗewa, kuma rumbun ba shi da hanyar gane hakan da kansa.

Shi ya sa a cikin fayil ɗin ginshiƙin latlng_basis ya fi lambobin wurin kansu muhimmanci. Yana faɗin inda aka samo lambar: ko marubucin ne ya rubuta ta, ko an kimanta ta daga taswira, ko an ɗauki gari mafi kusa. Tsofaffin takardu sun riga GPS da shekaru masu yawa, kwatancensu na tafiyar raƙumi ne da sunan rijiya. In ginshiƙin ya ce daga gari mafi kusa aka ɗauka, ɗigon yana iya kaucewa da kilomita masu yawa. Kada a ɗauki hayar mota a nufi daji bisa irin wannan lamba. Sunayen wurare ma haka: In Beceten da Ibeceten wurin tono ɗaya ne, kuma sai an gwada kowane rubutu kafin a ce babu.

Shekarun duwatsu su ma suna da tarko. Lapparent ya sa burbushin Tamaske a Lutetian, wajen shekara miliyan 48 zuwa 41. Binciken baya ya mayar da wannan farar ƙasa Paleocene, miliyan 66 zuwa 56. Rumbun yakan bi abin da takardar tushe ta ce sai in wani ya zo ya gyara. Ginshiƙan max_ma da min_ma kuma ba awon dutsen ba ne, iyakokin zamanin da aka ambata ne kawai. In an rubuta Maastrichtian, wato ƙarshen Cretaceous, za ka ga wajen 72 da 66 na miliyoyin shekaru, ko da burbushin daga saman shimfiɗar ya fito. Ɗalibai da dama kan raba waɗannan lambobi biyu su kira tsakiyarsu shekarun burbushin. Alƙalan jarrabawa da suka san aikinsu ba sa barin wannan ya wuce.

Inda rumbun ya cancanci yabo ba tare da ragi ba shi ne sunaye. Kowane layi yana da identified_name, sunan da marubucin ya bayar, da accepted_name, sunan da aka yarda da shi yanzu. Swinton ya kira wata dabba Mosasaurus nigeriensis a 1930, yau Goronyosaurus ce. Zdansky ya bayyana Globidens aegyptiacus daga Masar a 1935, sannan a 1991 Lingham-Soliar ya ba ta sunan Igdamanosaurus bisa abin da aka samo a tsaunin Igdaman na jihar Tawa. Shi ne kuma ya bayyana Pluridens walkeri a 1998 daga shimfiɗar Farin Dutse. Bin wannan sauye-sauye da hannu aikin makonni ne a ɗakin karatun da ba mu da irinsa. Nan minti kaɗan ne. A yi ƙidayar iri da accepted_name, amma a nemi tsohuwar takarda da identified_name, don da shi marubucin ya san dabbar.

Tace ta muhalli kuwa a yi hattara da ita. In ka zaɓi na teku kaɗai, duk layin da mai shigarwa bai cike gurbin muhallinsa ba zai faɗi ba tare da gargaɗi ba. Gara a sauke komai a tace da ido. Hakan ne ma zai nuna cewa In Beceten, da kwaɗinta da kadojinta da kifayen ruwan daɗi, ba irin Igdaman ba ce.

Buɗe fayil ɗin yana da nasa ciwon kai, tunda yawancin kwamfutocinmu Excel na Faransanci ke kansu. Fayil ɗin da waƙafi yake raba ginshiƙai, Excel ɗinmu kuma point-virgule yake jira, sai komai ya cushe a ginshiƙi ɗaya. A shigo da shi ta sashen Données na Excel, a zaɓi waƙafi, a gaya masa cewa aya ce ke raba lamba da gutsurenta, in ba haka ba 14.9 ba zai karantu a matsayin lamba ba. Mai amfani da shafin saukewa ya cire alamar metadata, don tana jibge layukan ƙarin bayani a saman fayil ɗin. Jerin takardun kuma yana saukowa da tsarin RIS, wanda Zotero, manhajar tsara jerin takardu, ke karɓa kai tsaye.

Saura maganar auna tasirin masu bincike, wadda wasu ke so su yi da wannan rumbu. Ba mu ba da shawarar haka ba. Yawan layukan da ke ɗauke da sunan mutum yana nuna cewa wani ya zauna ya shigar da takardarsa, ba wai ta fi ta wani nauyi ba. Masu shigarwa masu bincike ne da ɗalibansu, kowa da abin da ya dame shi, kuma ƙashin mozazor ya fi kawa da dodon koɗi jan hankali. Aikin Jacques Greigert na 1966 kan kwarin Iullemmeden shi ne ginshiƙin da kusan kowa ke jingina da shi a nan, amma ba a gane girmansa daga ƙirga ɗigo. Nussaibah Raja da abokan aikinta sun auna rumbun kansa a binciken da ya fito a 2022, suka tarar kashi 97 cikin 100 na bayanan sun fito daga masu binciken ƙasashe masu arziki ko masu bi musu. Fili fari a taswirar Adar ba shaidar babu burbushi ba ce. Manomin Tamaske da ke tsintar bushiyar teku a gefen gonarsa ya san haka.

Rumbun kuma suna da shekarar takarda yake bayarwa, ba takardar ba. Tsofaffin rahotannin majalisar kimiyya ta Paris suna Gallica, shafin ɗakin karatu na ƙasar Faransa, kyauta, wasu mujallun Ingilishi na farkon ƙarni na 20 suna Biodiversity Heritage Library, na cibiyar bincike ta Faransa IRD kuma suna rumbunta na Horizon. Da Ingilishi shafin PBDB yake, amma kalmomin da ake buƙata ba su da yawa, kuma sunayen zamunna kusan ɗaya ne da na Faransanci.

Kundin kammala karatun da aka ajiye a kabad ɗin sashe a Yamai ba zai shiga rumbun da kansa ba. Sai an buga aikin a mujalla, da lambobin GPS na kowane wurin tono, da sunan shimfiɗar dutse, da lambar kowane burbushi a inda aka adana shi, sannan malami mai digirin dakta ya nemi izinin zama mai shigarwa, ɗalibansa su yi aiki ƙarƙashin sunansa.