Sharhi: Na yi hayar Westfalia Berlin ta 1978

Duk mai shirin hayar tsohuwar Volkswagen mai wurin kwana a Jamus, ya karanta sunan motar da kyau kafin ya biya, domin sunan ne ke faɗa masa yadda cikinta yake. Wadda muka ɗauka ni da iyalina T2 ce ta 1978, Westfalia, tsarin Berlin.

T2 na nufin zubi na biyu, wanda aka ƙera a Jamus daga 1967 zuwa 1979, mai faffaɗan gilashin gaba guda ɗaya. Yayarta T1 gilashinta rabe yake biyu. Ƙanwarta T3 kuwa mun saba da ita, ita ce yawancin danfon Legas. Westfalia sunan kamfanin da ke karɓar motar daga Volkswagen ya mayar da ita ɗaki ne, tun farkon shekarun 1950. A tsofaffin takardu za ka ga SO da lamba, kamar SO-42, wato ƙira ta musamman. Daga baya aka riƙa laƙaba wa tsarin ciki sunayen birane irin su Helsinki da Berlin.

Tsarin Berlin ya burge ni ƙwarai. Kabad, risho, firji da wurin wanke kwanuka duk an jera su a gefe guda bayan direba, saboda haka da ka zuge ƙofar gefe sai ka tarar da fili. Uwargida tana dafa shayi, yara na shige da fice ba tare da an yi karo ba. Sai dai kabad ɗin sun ci faɗin gadon ƙasa, mutum biyu sai sun matsu. Rufin ana ɗaga shi ne daga gaba, ya zama tanti mai gado a sama, kuma nan yaran suka fi so.

Injin yana baya, iska ke sanyaya shi, babu lagireto. Mota ce ta tafiyar sannu, a hawa sai ka rage giya ka yi haƙuri.

Inda na ga gazawa shi ne wurin masu ba da hayar. A tallarsu Westfalia kawai suka rubuta, sai da na nace a waya kafin suka faɗa mini tsarin cikin. Ka nemi shekarar ƙira, sunan tsari da hoton gadon a shimfiɗe, musamman idan kun wuce mutum huɗu.