Kwamin ninƙayar gidan Yaya: yaron ya yi aiki, ogansa ya ɓata rawar da tsalle

Shekara biyu cur gidan Yaya na Nasarawa a nan Kano yana rufe, tun da aiki ya mai da shi Abuja, daga maigadi sai ƙadangaru. Da aka sa ranar bikin 'yarsa ya bugo min waya, ya ce in nemo masu gyara kwamin ninƙayar da ke bayan gida kafin baƙi su fara sauka. Ranar da na leƙa, wallahi kududdufin unguwarmu ya fi shi kyan gani. Gansakuka ta yi kauri kamar miyar kuka, talibambam na ta wutsil-wutsil, ganyen darbejiya da ƙurar hunturu biyu sun zama taɓo a ƙasa.

Kamfanin da na kira irin waɗannan ne masu talla da hotunan ruwa shuɗi garau. Ogan ya zo, ko gilashin idonsa bai cire ba, ya ce sai an kwashe ruwan kaf a zuba sabo. Kwamin mita 8 ne a tsawo, 4 a faɗi, zurfinsa a tsakaice mita ɗaya da rabi, lita 48,000 ke nan, kusan tanka biyar. Kun dai san yadda kuɗin tanka yake yanzu. Na haɗiye yawu na biya rabi.

Washegari sai ga yaro ɗaya tal a kan babur, da doguwar sanda mai raga, da buroshi, da bokitin kulorin, maganin tsabtace ruwa. Raina ya ɓaci, na ce wannan ne zai yi aikin? Ya zagaya kwamin, ya buɗe ɗakin injin da ke juya ruwan, sannan ya ce, "Baba, ruwan nan bai mutu ba. In aka kwashe shi rana ta daki tayil ɗin, wasu za su ɗago. A ba ni kwana biyar."

Yini guda ya yi yana kwasar datti da raga yana lodawa a baro, yana goge bango. Ya ɗebi ruwan a wata 'yar kwalba ya ɗiga magani, ya ce ma'aunin pH, wato mai nuna tsamin ruwa ko kanwarsa, ya haura 8, kuma a haka kulorin ba ya cin gansakuka sosai, sai an sauko da shi wajen 7.2. Ya zuba asid tukuna. Kulorin ɗin kuwa bai zuba ba sai bayan magariba, wai rana na cinye shi.

Kwana na uku na zo na tarar ruwan ya koma fari fat kamar an dama farau-farau, ko matakala ta biyu ba a gani. Nan fa na zazzage masa kwandon faɗa, saura kwana tara biki. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Baba, gawar gansakukar ce ke yawo." Ya ɗauko alimun, wannan dai da mata ke jefawa a ruwan rafi ya kwanta, ya narkar a bokiti ya bi kwamin da shi, ya bar inji ya juya na awa biyu ya kashe. Ya ja wa maigadi kunne, kada ko yatsa a tsoma sai gobe.

Bayan sallar asuba na kasa haƙuri na tafi. Jama'a, na tsaya baki buɗe. Ruwan ya yi garau, dattin duk ya kwanta a ƙasa kamar toka, ta gefe ina hango shuɗin tayil har da zanen kifin da na manta akwai shi. Take na kira Yaya ta bidiyo, shi ma sai salati yake. Na ba yaron tukuici, na kuma ba shi haƙuri, don na san na yi masa ba daidai ba.

Da a nan aka tsaya da na ce kowa ya neme su. To amma tokar nan sai an zuƙe ta an fitar waje, ba a bari ta bi ta tankin yashin da ke tace ruwa, toshe shi za ta yi. Ogan ya yi alkawarin kawo doguwar mesa da za ta kai kwata, bai kawo ba. Ina kasuwa wajen hidimar biki, ya ce wa yaron ta waya ya saki ruwan cikin lambu kawai. Ruwan da aka cika wa kulorin kwana huɗu! Lambun Hajiya ne, matar Yaya, wanda maigadi ya shekara biyu yana yi wa ban ruwa da bokiti. Kafin mako ya zagayo na'a-na'a ta ƙone ƙurmus, furanni sun bi ta, lemun tsami ya zubar da rabin ganyensa. Hajiya ta zo ta duba, ta ce "Allah ya kyauta" ta shige ciki. Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Ga kuma man janareto. Injin sai ya yi ta aiki dare da rana a kwanakin farko, wuta kuwa kun san halinta, duk daga aljihuna, kuma ba wanda ya faɗa min tun farko. Tanka biyar da aka lissafa, ɗaya kawai aka saya don cike gurbin abin da aka zuƙe. Na ce a rage kuɗin huɗun, ogan ya ce ciniki ya riga ya faɗa. A rasit ɗinsa har da canjin yashin matacin ruwa, alhali ina tsaye aka wanke tsohon aka bar shi a ciki. Yashin nan tun gina gidan yake, ya daɗe da wuce shekara biyar ɗin da ake canza shi.

Yaran biki sun yi iyo har idonsu ya yi ja, ruwan kuma har yau bai sake kore ba, maigadi ya koyi gwada shi da zuba magani. Ogan ya turo saƙo sau uku yana neman cikon kuɗinsa. Suna nan a hannuna, ya kawo yashin da dashen lemun tsami ya karɓa.